Sulallan da Mama Ta Tara

Injiniya ta iso gidan iyayenta da hantsi, ta tarar Baba ya riga ya shirya. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, sanye da farar riga mai guga, ƙarfen tafiyarsa mai ƙafa huɗu yana tsaye a gabansa. Ita dai ba injiniya ba ce ta gaske, gyaran waya take yi a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Baba ne ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama, ranar da ta kwance masa rediyo ta kasa mayarwa, sunan kuma ya bi ta har ta yi aure ta haihu.

“Injiniya, kin makara,” in ji shi. Maganarsa ta fi ta kwanakin baya fita, ko da yake gefen bakinsa na hagu yana ɗan ja baya har yanzu. “Yau zan sallami wannan ƙarfen daga aiki. Ba na so ya ƙara kwana a gidana.”

“Allah ya sa, Baba. Amma ka sallame shi cikin mutunci, ya yi maka hidima.”

“Hidimar me? Sai tsaya min a gaba kamar baƙon da bai san lokacin tafiya ba.”

Baba mai fenti ne. Tun kafin a haife ta yake hawa tsani da bokiti a hannu, kuma a kan tsanin ne ciwon ya fara taɓa shi a farkon shekara. Allah ya taimaka yana matakin ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama hannu da ƙafar hagu. Da aka sallamo shi daga asibiti, babban likita ya ja Injiniya gefe ya gaya mata magana ɗaya da ba ta taɓa barin kanta ba: Baba yana shan maganin tsinka jini, saboda haka kada a bari ya faɗi. Faɗuwar da wani zai tashi ya karkaɗe riga, shi in ya buga kai, jini zai iya tsiyaya a ciki ba wanda ya gani.

Likitan gashi, wanda ke koya wa Baba motsa gaɓoɓinsa, shi ya ba su aron wani ɗan baƙin akwati mai kyamara da ake haɗawa da talabijin, da faffaɗan faranti na takawa. Wasan bidiyo ne. Mara lafiya ya tsaya a kan farantin, sai ya ga wani ɗan mutum a tsaye cikin kwalekwale yana gangara kogi, duk motsin da ya yi ɗan mutumin ya yi. Sulalla na zinare suna shawagi dama da hagu, shi kuma ya miƙa hannu ya kama. Abin da ya tara sai ya sayi kifi da furanni ya zuba a wani ɗan tafki da ke ƙarshen kogin. Yau ne za a mayar da akwatin, likita ya duba, ya yi wa Baba gwaji. In ya ci, ya rabu da ƙarfen, ya riƙa fita shi kaɗai.

Ta durƙusa bayan talabijin za ta zare wayar akwatin, sai Mama ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani.

“Ke, tsaya! Kar ki kashe tukun. Zo ki ga jan kifin nan.”

Injiniya ta leƙo. Rabonta da ganin tafkin tun yana da kifi biyu da ciyawa. Yanzu ya cika fal. Kifaye kala-kala, furanni har bakin ruwa, ga wata 'yar gada mai fitilu ta ratsa tsakiya. Daɗi ya kama ta har ƙwalla ta taru mata.

“Baba! Duk kai ka yi wannan?”

Baba ya juya yana kallon taga.

“Jiya na sayo jan,” in ji Mama. “Tsada kamar me. Sai da na kamo babban sulen nan na kan reshe sannan kuɗin suka kai. Wannan sule ya ba ni wuya, 'yar nan. Sai kin yi ɗage a kan ƙafar hagu ita kaɗai, kin miƙe kamar mai ciro kaya daga saman kabad. Har yanzu ƙuguna yana gaya min.”

“Kika kamo? Ke, Mama?”

“To wa? Maƙwabta?”

Injiniya ta zauna a ƙasa daɓas, wayar tana hannunta.

Ta san sulallan wasa kamar yadda ta san tafin hannunta. Rabin wayoyin da ake kawo mata gyara cike suke da wasanni, ita ma ta buga nata tun tana makaranta. Duk kamarsu ɗaya, zagaye, rawaya, suna juyi suna ƙyalli, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. A wani wasan, kuɗi ne kawai, ka tara ka sayi hula ko mota. A wani, jera su ake yi don su nuna maka hanya, inda suka yi sama nan za ka yi tsalle. A wani, su ne ranka, in abu ya buge ka sai su watse, in ya sake bugunka ba ka da ko ɗaya, ka mutu. A wani kuma tarko ne, a ajiye maka mai kyau a bakin rami a ga ko kwaɗayi zai ja ka. Amma na wannan akwatin, likita ya faɗa mata ranar farko tana haɗa wayoyi, ma'auni ne. Kowane sule ana ajiye shi ne daidai inda ake so hannun mara lafiya ya kai. In ya kama, na'urar ta rubuta cewa ya iya, gobe ta matsar da shi gaba kaɗan. Kifin da furannin zaƙi ne kawai da aka shafa a bakin magani.

Ita aka gaya wa. Ita kuma ba ta gaya wa kowa ba, don bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai buƙata ba.

“Mama, tun yaushe?”

“Oho. Tun ranar da kafaɗarsa ta matsa masa. Ya ce ba zai iya ba, ni kuma na ga kar a bar ranar ta wuce haka, likita ya ga kamar lalaci ne. Na hau na yi masa. Washegari da ya hau, sai sulallan suka yi masa nisa, ya yi ta miƙa hannu ba ya kaiwa, har ransa ya ɓaci. Na ce sauko. Shi ke nan, ya riƙa yin na farko-farko, ni in ƙarasa masa masu wuyar.” Ta dubi fuskar 'yarta, muryarta ta sauya. “Me ya faru? Ba asusu ɗaya ba ne? A wayar 'ya'yanki ba haka kuke yi ba, kowa ya buga a tara wuri ɗaya? Mutumin nan tun da na aure shi, in ya kwanta ciwo ni nake dama masa fenti in tura wa yaransa wurin aiki. Yau don na kama masa sule sai ya zama laifi?”

“Ba laifi ba ne, Mama. Amma akwatin nan bai san fuska ba. Duk abin da kika yi, ya rubuta Baba ne ya yi. Likita zai buɗe ya ga mutumin da ke tsayawa da ƙafar hagu ita kaɗai. A kan wannan zai yi masa gwajin.”

Mama ta kai hannu baki.

“Injiniya,” in ji Baba, bai ɗaga murya ba. “Naɗe wayar nan mu tafi. Maganar gida ce, a gida za ta tsaya.”

Suka shiga mota. Baba yana gaba, ƙarfensa a naɗe a but ɗin motar, akwatin yana kan cinyar Mama a baya, ta rungume shi da hannu biyu. A mahaɗar hanya kusa da gidan mai, sun wuce wani bene da ake yi wa sabon fenti, mutum biyu a kan tsani. Baba ya bi su da ido har wuyansa ya ƙi juyawa.

“Dubi yadda wancan ya jingina tsani,” ya ce. “Ƙafarsa ta yi kusa da bango. Wa ya koya musu?”



Sashen gashi yana ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Suka zauna a kan bencin jira, gefen wata mata da ɗanta mai filasta a hannu. Mama ta tashi neman banɗaki. Tana ba da baya, Baba ya kamo hannun Injiniya da hannunsa mai lafiya, ya matse.

“Saurara. Na san abin da ke ranki, fuskarki ba ta iya ɓoye komai, irin ta uwarki.”

“Baba, babban likita ya ce...”

“Na ji abin da ya ce, ba kunnena ne ya shanye ba. Ni ma ina yin nawa. In kowa ya fita, har banɗaki nake zuwa ba ƙarfe, ina dafa bango kaɗan-kaɗan. Mutumin da ya tsaya a ƙarshen tsani, iska na kaɗawa, bokiti a hannu ɗaya buroshi a ɗaya, shi ne ɗan faranti zai kayar?” Ya haɗiye yawu, abin da har yanzu sai ya nutsu yake yi. “Yarana sun fara karɓar aiki ba su gaya min ba. Jiya ɗaya ya zo gaishe ni, da fenti a farcensa, kalar da ban sani ba. Na tambaye shi, ya ce wai ba sa son su dame ni. In kika buɗe baki yau, mayar da ni farko zai yi. Kafin in sake zuwa nan, sun manta akwai ni.”

“In ka faɗi fa?”

“In na faɗi, ni na faɗi. Na taɓa roƙonki wani abu tun da kika zo duniya?”

Bai taɓa ba. Ta dubi hannunsa a kan nata, fatar duk ta yi laushi, tabon fentin da ta sani tun yarinta ya goge sarai.  Kafin ta samu abin faɗa, ƙofa ta buɗe.

“Baba mai fenti! Shigo, shigo, gwarzon sashenmu.”

Likitan gashi saurayi ne siriri, mai fara'a, gilashinsa kullum yana zamowa kan hanci. Ya karɓi akwatin ya haɗa da kwamfutarsa, ya yi ta kallon layukan da suka fito yana girgiza kai don mamaki.

“Baba, ka ba ni kunya. Ni da nake cewa sai an yi haƙuri da ɓangaren hagu. Dubi nan, hagun ta kusa wuce dama! Mama, me kike ba shi?”

Mama ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta sunkuyar da kai tana gyara jaka. Baba kuwa ya miƙe wuya a kujera, fuskarsa ta washe. Rabon Injiniya da ganin wannan fuskar tun kafin ciwon. Ta ji maganar da ta taho har bakin harshenta ta koma.

Ɗakin babba ne, ƙasansa siminti mai santsi da aka shimfiɗa wa siririn roba. A gefe ɗaya akwai ƙarafan riƙewa guda biyu a jere, inda masu koyon tafiya ke bi ta tsakiya. Likita bai nufi can ba. Ya jawo wani faranti zuwa tsakiyar ɗakin, gaban babban allo, inda ba abin dafawa ko ta ina. Ya taka shi da ƙafa don gwadawa, farantin ya karkata hagu, ya karkata dama.

“Wannan ba irin na gida ba ne,” in ji Injiniya. 

“A'a, wannan mai lilo ne. Yana bin kwalekwalen. Wanda ya kai inda Baba ya kai, na gida ya yi masa sauƙi.”

“Ba za a fara da mai sauƙin ba, Likita? Ko don ya ɗumama jiki?”

“Na'urar tana ɗauka ne daga inda ya tsaya jiya. Kar ki damu, abin da yake yi kullum ne.”

Ya ɗaura wa Baba wani faffaɗan bel a ƙugu, mai maɗauki a baya, ya taimaka masa ya hau. Ya ɗauke ƙarfen tafiyar ya kai jikin bango. Sannan ya saki bel ɗin, ya ja baya, ya tsaya ta hannun dama inda zai riƙa ganin kwamfutar.

“Ba za ka riƙe shi ba?”

“Ai gwajin ke nan, 'yar'uwa. In na riƙe shi, ni na ci, ba shi ba. Ina nan kusa.”

Ta auna da ido. Baba mutum ne mai jiki, ciwo bai rage shi sosai ba. Likita kuwa iska mai ƙarfi za ta iya tafiya da shi, ga shi kuma yana dama. In Baba zai tafi, hagu zai tafi. A hagun ba kowa, sai ƙafar wani gadon ƙarfe da ke can gefe.

Baba ya waigo ya dube ta sau ɗaya. Kallon ya isa.

“Ku zauna can,” in ji likita, ya nuna musu kujeru biyu a gefe, inda kyamara ba ta kaiwa. Suka zauna. Kiɗan wasan ya tashi, kogi ya bayyana a allo, kwalekwale ya fara gangarawa.

Sulallan farko a gaba suke, daidai ƙirji. Baba ya kama su, kowanne ya yi 'yar ƙara mai daɗi ya ɓace. Na dama suka zo, ya kwashe su tas, har da ɗan salo, kamar mai jan buroshi. Farantin ya karkata, ya bi shi da ƙugu yadda ya saba a kan tsani.

“Haka ne, Baba!” in ji likita.

Injiniya ta ji numfashinta ya ɗan sauka. Wataƙila gaskiyarsa ce. Wataƙila jikin da ya yi shekaru a sama bai manta ba.

Sai kogin ya yi kwana, sulalla suka koma hagu.

Na farko yana kusa. Baba ya ɗaga hannun hagu, hannun ya tashi a hankali kamar ana jawo shi daga cikin ruwa, yatsun a lanƙwashe. Ya same shi da ƙyar. Na biyu ya fi nisa. Ya karkata, farantin ya bi shi, gwiwarsa ta hagu ta yi wata 'yar rawa a cikin wando. Ya rasa shi. Ta ga haƙoransa sun cije. Baba mutum ne da in ya gama fentin ɗaki ya hango ɗigon da ya tsallake a bayan ƙofa, sai ya sake buɗe gwangwani ko da yaransa sun riga sun wanke buroshi. Ba ya barin abu ya wuce shi.

Na uku ya yi masa wawura, ya samu, amma sai da ƙafarsa ta dama ta ɗan zame kafin ya dawo daidai. Gumi ya jiƙa bayan farar rigar.

Likita ya ɗaga gilashinsa, ya dubi kwamfuta, ya dubi Baba, ya sake duban kwamfuta. “Yau ka ɗan yi sanyi, Baba. Fargabar asibiti ce, kowa yana yi. Ja numfashi.”

A gefenta, Mama ba ta zaune lafiya. Jikinta yana karkata da kansa kafin kowane sule ya fito, hagu, ƙasa, hagu, kafaɗarta tana bugun ta Injiniya. Ta haddace kogin kaf. Leɓunanta suna motsi.

“Bayan duwatsun nan,” ta raɗa, ba ta ma san a fili take yi ba. “Bayan duwatsun sai bishiyar. Wayyo Allah, na kan reshen.”

Injiniya ta dubi allo. Ga duwatsun, kwalekwale yana ratsa su, farantin yana lilo da sauri fiye da da. Can gaba, a gaɓar hagu, wata bishiya ta sunkuyo kan ruwa. A ƙarshen reshenta, sama sosai, wani sule babba yana juyi a hankali, ya ninka sauran girma, yana ta walƙiya.

Baba ma ya gan shi. Ta san ya gan shi, don ya daina kula ƙananan da ke wucewa ta gabansa. Ya gyara tsayuwa. Ya fara mayar da nauyinsa kan ƙafar hagu, a hankali, kamar mai gwada matakin tsanin da bai yarda da shi ba. Dugadugin damansa ya fara rabuwa da farantin.

 Ta dubi likita, idonsa yana kan kwamfuta, goshinsa a tattare. Ta dubi ƙafar gadon ƙarfen. Bishiyar tana matsowa, tana girma, ta cika rabin allo.

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta dai ji kujerarta ta yi ƙara a baya, ta ga kanta a tsakiyar ɗakin, tsakanin Baba da kyamara, ta ɓangaren hagunsa, kafaɗarta dab da hammatarsa.

Kiɗan ya yanke. Kogin ya daskare, sulen ya tsaya cak a kan reshe. Wani rubutu ya fito yana cewa an ga mutum biyu, ɗaya ya fita.

Dugadugin Baba ya koma kan faranti.

“Matsa,” ya ce.

“A'a, Baba.”

“Na ce ki matsa.”

“Lafiya?” in ji likita, ya riga ya zagayo ya kama bel ɗin. “Me ya faru?”

Ba ta dubi Baba ba, don in ta dube shi ba za ta iya ba. “Likita, sulallan da ka gani a akwatin nan, ba shi ya kama masu nisan ba.”



“Ni ce,” in ji Mama daga kujera. “Ni ce, ɗana. Wallahi taimako na yi nufi. Na ɗauka kuɗi ne kawai na sayen kifi.”

Likita ya dubi kwamfutar. Ya cire gilashin ya goge a rigarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun bai saki bel ɗin ba. “Tun da na ga hagu ta kamo dama ya kamata in tsaya in yi tambaya,” ya ce a hankali. “Daɗi ne ya rufe min ido. Kuma ban zaunar da ku duka na yi muku bayani ba. Baba, sauko tukun.”

“Da na same shi,” in ji Baba. Idonsa yana kan allo. “Saura kaɗan. Da ba ta shigo ba, da na same shi.”

“Wataƙila, Baba. Sauko.”

Zai sauko, dole ya dafa wani abu, kuma kafaɗarta ce kusa. Ya ɗora hannunsa na dama a kai. Nauyinsa gaba ɗaya ya sauko mata, har gwiwarta ta lanƙwashe. Yatsunsa suka nutse a fatarta, suna karkarwa, kuma ta ji ƙafar hagun tana kaɗawa a jikin tata kamar ba ƙashi a ciki. Likita bai ji wannan ba, Mama ba ta gani ba. Da ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, ya janye hannun da sauri, ya zauna a kujerar da aka turo masa, ya kau da kai.

Likita ya jawo kujera ya zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa. Ya yi masa bayani ba tare da faɗa ba. Ya ce ƙarfen zai koma gida tare da su. Ya ce abin da ya gani a dama gaskiya ne, kuma ya yi kyau ƙwarai, hagun ce ba wanda ya san inda take, don an daɗe ba a auna ta ita kaɗai ba. Dole a goge komai a sake awo daga farko.

“Komai?” in ji Mama. “Har kifayen?”

“Har kifayen, Mama.”

“Jan ma?”

“Shi ma. Amma zan buɗe miki naki daban, da sunanki, ki yi ta kiwo. Sai dai in na ƙara ganin ƙafarki a kogin Baba, ni da ke ne.”

Mama ta yi dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Baba bai yi ba.

“Sai yaushe?” ya tambaya.

“Ban sani ba, Baba. In na ba ka rana, ƙarya na yi maka. Amma wanda ya yi abin da ka yi yanzu a kan mai lilo, ba zai dawwama da ƙarfe ba.”

Baba ya sunkuyar da kai. Ya zuba wa ƙasa ido.

Likita ya tashi ya mayar da faranti mai lilo gefe, ya shimfiɗa mara motsi a tsakanin ƙarafan riƙewa. Ya danna wasu maɓallai, tafkin ya fito a allo sau ɗaya da gadarsa da fitilunsa, sannan ya koma ruwa da ciyawa. Mama ta juya baya.

“Abu na ƙarshe,” in ji likita. “Daga yau, duk lokacin da zai hau a gida, sai wani ya tsaya a hagunsa ya riƙe bel. Zan koya wa mutum ɗaya yanzu. Wa zai yi?”

“Ni mana,” in ji Mama.

“Ke?” in ji Baba, karo na farko ya ɗago. “Ki riƙe ni da hannu ɗaya kina kamun sule da ɗayan?”

“To ai na tuba, Malam.”

 Injiniya tana tsaye jikin bango kusa da ƙarfen tafiyar, kafaɗarta tana zugi inda ya dafa. Ta riga ta sa a ranta cewa zai yi kwanaki bai yi mata magana ba, wataƙila fiye. Ta yarda da hakan.

Baba bai kira ta da sunan da ya saba ba. Bai ma dube ta ba. Ya nuna ta da haɓa.

“Waccan ta zo. Tunda ta iya tsayawa inda ba a sa ta ba.”

Ta zo. Likita ya nuna mata yadda za ta zura yatsu ta ƙasan maɗaukin, yadda za ta buɗe ƙafafunta, ɗaya gaba ɗaya baya, da inda za ta tsaya don kada kyamara ta gan ta. Baba ya hau, hannunsa na dama a kan ƙarfe. Kiɗa ya tashi, kogin ya fara gangarawa a hankali, kamar ba ya so.

Sule ɗaya ya fito ta hagu, ƙarami, kusa, bai wuce tsayin kafaɗa ba. Baba ya ɗaga hannun. Hannun ya tashi, ya tsaya a hanya yana rawa, sulen ya wuce. Ta ji nauyinsa ya zo cikin bel ɗin, ta ƙanƙame, ta ɗan jawo shi baya.

“Kar ki ja ni,” ya ce, numfashinsa yana fita da ƙarfi. “Riƙe kawai.”

Ta sassauta hannu. Wani sulen ya fito daga kwanar kogin, a daidai wurin da na farko ya wuce, yana tahowa.

“Na riƙe, Baba,” ta ce.